Shayin Wankin Ciki: A Faɗa Mana Abin Da Ke Cikin Ledar

A 'yan shekarun nan wata haja ta samu karɓuwa a kasuwanninmu, tun daga Gwandu har Kalgo da ƙauyukan da ke kewaye da su. Ita ce shayin gyaran ciki, ko na wankin ciki, ko na rage tumbi, gwargwadon sunan da mai shi ya ga zai fi jan ciniki. Ana samunsa a shagunan magungunan Musulunci, da bayan motar mai magani da ke yayata shi da lasifika ranar kasuwa, da kuma a WhatsApp da TikTok inda ake aiko shi daga Kano ko Legas. Idan ka ɗauki leda ɗaya ka juya ta, za ka ga hoton ciki an zana shi da jan launi, sai jerin cututtuka a ƙasa: olsa, basir, kumburin ciki, ƙwarnafi, taifot, sanyi, tsutsar ciki. Akwai lambar waya, wani lokaci har biyu. Abin da ba kasafai ake gani ba shi ne sunan ganye ko saiwar da aka daka aka zuba a ciki, da yawan da za a sha, da ranar da za a daina. Ra'ayina a kan wannan haja a fili yake. Tsirran ƙasarmu suna da amfani ga ciki, amma duk haɗin da mai shi ya ƙi faɗin abin da ke cikinsa bai cancanci a kai shi baki ba, kuma wannan ɓoyo baƙon abu ne a tarbiyyar magani da ƙasar Gwandu ta gada.

Ya kamata a fara da ba tsirran haƙƙinsu, domin wanda ya ce duk tatsuniya ce bai yi adalci ba. Citta tana kwantar da tashin zuciya, an kuma gwada ta a kan masu juna biyu da ke fama da laulayi aka ga tana taimakawa a awo kaɗan, kamar giram ɗaya a yini. Na'a-na'a tana sassauta naman hanji, shi ya sa mai murɗawar ciki da kumburi yake jin sauƙi idan ya sha ta. Tsamiya tana tausasa bayan gida. Sabara da bagaruwa da ɓawon kalgo suna da baurin da ke ɗaure ciki, don haka aka daɗe ana jiƙa su ga mai zawo. Sai dai kowanne daga cikinsu yana da inda aikinsa ya tsaya, da inda yake juyewa ya zama cuta. Na'a-na'ar da ke sassauta hanji ita ce kuma take sassauta bakin tumbi na sama, sai ruwan tsami ya riƙa hawowa maƙogwaro, mai ƙwarnafi ya ƙara shan wuya. Baurin da ke tsayar da zawo yana rage wa jiki samun sinadarin ƙarfe daga abinci, abin da ke da haɗari ga macen da jininta bai cika ba. Mai bushewar ciki da mai zawo buƙatunsu kishiyoyi ne, ɗaya a sake shi, ɗaya a ɗaure shi. Saboda haka leda ɗaya da ta yi alkawarin warkar da su duka, ko dai mai ita bai san abin da yake sayarwa ba, ko ya sani ya zaɓi ya ruɗi mai saye.

Filasko ya fi kowane ganye nuna inda matsalar take, domin shi ne ƙashin bayan shayin rage tumbi da dama da ake sayarwa a duniya. Magani ne na gaske, har yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sinadarinsa yakan wuce tumbi da ƙaramin hanji ba tare da ya yi komai ba, sai ya isa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su farfasa shi, daga nan ya tunzura hanjin ya yi ta matsawa, ya kuma hana shi tsotse ruwa. Cikin awa 6 zuwa 12 sai mutum ya nufi ban ɗaki. Wanda ya sha da dare ya wayi gari cikinsa ya lafe yakan ɗauka datti ne ya fita, ko kitse ne ya narke. Ruwa ne da gishirin jiki suka tafi, kitsen yana nan inda yake, domin abincin ya riga ya shiga jini tun a ƙaramin hanji. Likitoci ba sa son a wuce mako ɗaya ko biyu ana shan filasko ba tare da an duba mutum ba, saboda yawan shansa yana zubar da sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi, kuma ya fi zama barazana ga mai shan ƙwayar hawan jini irin mai sa fitsari. To abin da ake yi yanzu shi ne a ɗauki wannan magani na kwana biyu ko uku a haɗa shi da citta da kanumfari don ƙamshi, a ce wa mutum ya riƙa sha safe da yamma har ledar ta ƙare ya sayi wata. A nan ribar take, a nan kuma cutar take.

Masu wannan sana'a sukan fake da cewa gado ne, wasu kuma su ce maganin Annabi ne. To sai mu koma ga gadon mu gani. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya rubuta littafin Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa, inda ya ba kula da ci da sha muhimmanci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da dama a kan magani, ciki har da wani a kan ciwon basir da wani a kan filasko shi kaɗai. Malaman nan sun ambaci magani da sunansa, sun sa shi a takarda domin almajiri ya kwafa, wani malamin ya duba ya gyara. Ko hadisin da ake kafa hujja da shi a kan filasko, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito daga Asma'u bintu Umais, ya nuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta da me take wanke ciki, ta ambaci wani tsiro, ya nuna mata cewa wannan yana da zafi da ƙarfi, sannan ya yaba filasko. An tambayi suna, an bambance tsiro da tsiro, an hana ɗaya. Wanda ya ɗaure gari a leda ya ce a sha kawai, ya saɓa wa abin da yake iƙirarin bi. Ko tsohuwar da ke jiƙa wa jikanta sabara a gida ta san itacen da ta ciro, ta san yaron, ta san yini nawa za ta ba shi kafin ta ce a nemi wani taimako.

Za a ce kakanninmu sun sha waɗannan itatuwa shekara da shekaru ba abin da ya same su. Amsar farko ita ce ba haka suka sha su ba. Sun sha lokacin da ciwo ya zo, suka ajiye da ya tafi. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Akwai gubar da ba ta nuna kanta sai bayan shekaru, ta yadda ba wanda zai haɗa ciwon da jiƙon da aka sha tuntuni. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, mata fiye da ɗari suka samu lalacewar ƙoda bayan sun sha haɗin rage ƙiba daga wani asibiti. Bincike ya gano an musanya wata saiwa ta ƙasar Sin da wata mai kama da ita daga dangin tsiron da masana ke kira Aristolokiya. Da yawa daga cikin matan sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma cutar daji ta kama musu hanyar fitsari daga baya. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa sinadarin wannan tsiro a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Wannan dangi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin duman dutse, wanda ake ba mai ciwon ciki, daga cikinsa yake. Da a ce ana rubuta suna a jikin leda, mai saye zai iya kauce masa, likita ma zai san abin da zai nema idan an kawo majinyaci. Idan an mayar da komai gari mai launi ɗaya, ko shi mai haɗawar ba zai iya rantsuwa a kan abin da dillalin saiwa ya kawo masa ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba daga ganyen take fitowa ba, daga jinkirin da yake jawowa take. A 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta da ke zama a bangon tumbi ita ce sanadin yawancin gyambon ciki, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2005. Ana kashe wannan ƙwaya da haɗin magunguna na kamar mako biyu, kuma babu wani shayi da aka tabbatar yana kawar da ita. Sanadi na biyu shi ne ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda manomi kan haɗiya bayan ya yini a fadamar shinkafa ko garkar albasa, sau da yawa cikinsa babu komai. Irin wannan mutum idan ya koma shan shayin olsa bai bar shan ƙwayoyin ba, zai ji ɗumi a ciki na ɗan lokaci, gyambon kuwa yana ci gaba da ci har ranar da zai yi aman jini. Haka nan ba duk jinin da ya biyo bayan gida ne basir ba, wani dajin hanji ne, wanda watanni shida na jinkiri kan iya raba mai shi da damar warkewa. A 2021 annobar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, jihar Kebbi na cikin waɗanda ta shafa. Abin da ke ceton rai a wannan hali shi ne ruwan gishiri da sukari, da gaggawar zuwa asibiti. Yaron da ke zawo aka ɗura masa haɗin da ba a san akwai filasko a ciki ba, an ƙara masa abin da ke kashe shi ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu kare wannan haja ita ce talauci, kuma ba a yi mata dariya. Mutumin Dalijan ko Diggi da zai je asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi sai ya biya kuɗin mota, da na kati, da na gwaji, da na magani, ya kuma rasa yininsa na aiki. Leda kuwa ga ta a bakin ƙofa. Amma wannan hujja, idan aka bi ta zuwa ƙarshe, goyon bayan a rubuta suna take yi. Mai kuɗi idan haɗi ya taɓa masa ƙoda yana da halin wankin ƙoda, talaka ba shi da shi, don haka shi ya fi kowa buƙatar sanin abin da yake sha. Kuma idan sauƙi ake nema, cittar da tsamiyar da na'a-na'ar suna nan a kasuwa a fili, da sunansu da kamanninsu, a farashin da bai kai na ledar ba. Abin da mai leda ya ƙara a kansu shi ne alkawari da ɓoyo, su yake karɓar kuɗi a kai.

Masu haɗawa za su ce sirrin sana'a ne, idan suka faɗa wani zai kwaikwaya. Amma kamfanonin magani na duniya suna rubuta kowane sinadari da awonsa a jikin kwali, ba su kuma daina cin riba ba, domin abin da ke riƙe mai saye shi ne inganci da amana. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wasu kuma sukan ɗaga leda su nuna lambar NAFDAC a matsayin shaida. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya wata lamba ta wucin gadi bayan ta duba cewa samfurin da aka kai mata ba ya cutarwa nan take, kuma tana wajabta a rubuta a jikin kayan cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Lambar ba ta ce haɗin yana maganin olsa ba, balle a ce tana halatta jerin cututtukan da mai lasifika ke karantowa.

Gyaran ba ya buƙatar a kori kowa daga kasuwa. Abu huɗu ne ya kamata su zama sharaɗi a kan duk wanda zai ɗaure ganye ya sayar da sunan maganin ciki: sunan kowane tsiro da Hausa, awon da za a sha, iyakar kwanakin sha, da waɗanda bai kamata su sha ba, musamman masu juna biyu da ƙananan yara da masu ciwon ƙoda. Shugabannin masu maganin gargajiya da sarakunan kasuwa a masarautar Gwandu suna da ikon tilasta wannan tun kafin wani jami'i ya zo daga Abuja. Gidajen rediyo suna iya ƙin karɓar tallar haɗin da bai cika sharaɗin ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, suna da ɗalibai da ke neman abin bincike kowace shekara, kuma sayo waɗannan ledoji a auna abin da ke cikinsu, a faɗa wa jama'a da Hausa, aiki ne da zai amfani mutanen da ke zagaye da su. Kafin a kai ga haka, mai saye yana da tambaya ɗaya da ba ta cin ko kwabo, ya ce wa mai haja ya lissafa masa abin da ya zuba. Idan ya lissafa, sai a auna shi da ciwon da ake fama da shi da kuma shawarar ma'aikacin lafiya. Idan ya ce sirri ne, a bar masa kayansa.