Mai Wayarin da Batirin da Ke Kwana Ya Mutu

Fijo 504 mota ce da ba ta ɓoye komai. Ta fito a Faransa a 1968, aka kuma fara haɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma har yau duk wanda ya ɗaga bonet ɗinta zai ga kayan cikinta a fili. Sai dai akwai cuta ɗaya da ido ba ya kamawa. A ajiye mota da daddare lafiya lau, gari ya waye a murɗa makulli, sai ƙas-ƙas, ko ma shiru. Mai mota ya sayi sabon batir, bayan mako guda shi ma ya kwanta. A irin wannan aikin ake gane mai wayarin na ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni da gwanin shi ne ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Tambaya yake fara yi. "Alhaji, kwana nawa take yi a ajiye kafin ta ƙi tashi? Me aka ƙara mata kwanan nan? Wa ya ɗaura wannan rediyon?" A ransa ya riga ya raba matsalar uku, kamar randar da ake tararwa babu ruwa: ko randar ce ta tsage, ko ba a cika ta, ko wani ne ke ɗiba cikin dare.

Biyun farko ba sa cin lokaci. Batir mai lafiya da ya cika yana nuna volt 12.6 a mita, in ya sauka zuwa 12 ya kusa ƙarewa. A tayar da inji, in altaneta tana caji, mita za ta hau wajen 13.8 zuwa 14.4. In ba ta hau ba, sai a duba bel ko ya saki, a duba altanetar kanta. Yakan kuma shafa saman batirin, domin ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid takan zama hanyar da wuta ke bi daga wannan kai zuwa wancan.

Na ukun ne ainihin aikin. Zai zare makulli, ya kashe komai, ya rufe ƙofofi saboda fitilar ciki. Sannan ya kwance kan batir na negatif, ya sa mita a tsakanin kan da wayar, ta yadda duk wutar da za ta fita sai ta ratsa ta cikin mitar. Daga ma'aunin amfiya 10 yake farawa, kuma zai gargaɗi yaronsa kada ya kuskura ya taɓa makulli, don wutar da kik ke ja ta fi ƙarfin mitar nesa ba kusa ba. Tsofaffin masu sana'ar da ƙwan fitila suke wannan gwajin: in ya kama, akwai mai sha. Motar zamani mai kwamfuta ana yi mata uzurin miliamfiya 50 ko ƙasa da haka. Tsohuwar Fijo ba ta da wannan uzurin, in ka cire agogo da rediyo, kusan sifiri ya kamata a gani.

Mutane kan raina ƙaramin ƙwai. Mai wat 5, irin na cikin but, yana jan kusan amfiya 0.4. In makunninsa ya lalace ya ƙi mutuwa, cikin 'yan kwanaki zai kai batir inda ba zai iya juya inji ba, kuma babu wanda zai gan shi tunda but a rufe yake. Gwani zai buɗe but ɗin ya kai yatsa nan take. In ƙwan da zafi, ya daɗe a kunne.

In ba a nan matsalar take ba, sai a koma akwatin fiyus. Ɗaya bayan ɗaya yake zarewa, idonsa a kan mita, yana mayar da kowane a gurbinsa kafin ya taɓa na gaba. Wanda aka zare lamba ta faɗi, layinsa ne mai laifi. Daga nan sai bin waya da hannu, ta ƙarƙashin dashbod, ta ramin da take ratsa ƙarfe, inda shekaru suka cinye robar. Motar da ta kai shekara 40 ta bi ta hannu da yawa, kuma kowane hannu ya bar ɗaurinsa: hon da aka ƙara, fitilun hazo, rediyon da aka ja wa wuta kai tsaye daga batir ba ta makulli ba. Galibi a cikin waɗannan ƙare-ƙaren ake samun ɓarnar.

Wani lokaci kuma a zare fiyus duka, mita ta ƙi motsi. A nan ne rabin gwani ke fara yanke-yanke, abin da nake ganin babban zalunci ne ga tsohuwar mota. Wanda ya san aiki ya san akwai layukan da ba sa bi ta fiyus, kuma babbansu shi ne na altaneta. A cikinta akwai diyod da ke barin wuta ta tafi batir, su hana ta dawowa. In ɗaya ya lalace, da an kashe inji sai wuta ta riƙa komawa baya, alhali da rana motar tana iya nuna caji kamar ba komai. Yakan ɗora tafin hannu a kan altaneta da sassafe, kafin a tayar da mota. In ya ji ɗumi a jikin ƙarfen da ya kwana a sanyi, ya samu amsa. Don ya tabbatar, sai ya kwance babbar wayar da ke bayanta, lamba ta zube.

Bayan gyara yakan sake aunawa a gaban mai motar, ya nuna masa lambar da ido. Ya kuma faɗa masa gaskiya cewa batirin da ya sha mutuwa har ƙasa ba ya komawa ƙarfinsa na da, ko da an toshe inda wutar ke zuba. "In za ta yi wata a ajiye, Alhaji, ka riƙa cire mata kan negatif."