Sharhi Kan Koyar da Passé Simple na Aikatau Marasa Bin Ƙa'ida

1.0 Gabatarwa

Passé simple shi ne shuɗaɗɗen lokacin da Faransanci ke amfani da shi a rubutaccen labari, kamar ƙagaggun labarai da littattafan tarihi da tatsuniyoyi. Da wuya a ji shi a bakin masu hira. Wannan takarda tana sharhi ne a kan hanyar da aka saba koyar da shi, wato haddar jadawali irin na littafin Bescherelle, musamman ga ɗalibin da aikinsa shi ne karatu da fassara zuwa Hausa.

2.0 Raunin Hanyar Jadawali

Jadawali yana jera kowane aikatau da wakilan suna shida, yana ba su daraja ɗaya. Amma ba haka suke a rubutu ba. A wata maƙala ta shekarar 1959, masanin harshe Émile Benveniste ya raba lokutan Faransanci gida biyu: na ba da labari da na zance. Ya nuna cewa passé simple na gidan labari ne, kuma mazauninsa shi ne mutum na uku. Ana samun je a littafin da mai ba da labari ke zancen kansa, amma siffofi irin su nous vînmes da vous vîntes ba safai ake cin karo da su ba. Duk da haka ɗalibi yakan ɓata musu lokaci daidai da il vint da ils vinrent, waɗanda zai gani a kusan kowane babi.

Rauni na biyu shi ne alƙibla. Jadawali yana tashi daga tushen aikatau zuwa siffarsa, alhali mai karatu siffar yake fara gani, sannan ya nemi tushen. Wanda ya tarar da il naquit ba zai samu ma'anarsa a ƙamus ba sai ya san daga naître ya fito. Haka kuma il vit yana iya zama voir a passé simple, wato "ya ga", ko vivre a lokaci mai ci, wato "yana raye". Wanda bai bambance su ba ya juya ma'anar jimla gaba ɗaya. Tunda jadawali kowane aikatau shafinsa daban, ba ya nuna wannan haɗari.

3.0 Tsarin da ke Ƙarƙashin Rashin Ƙa'ida

Idan aka dubi mutum na uku kaɗai, za a ga gidaje huɗu ne kawai:

(a) gidan -a: il alla, ils allèrent
(b) gidan -i: il fit, il prit, il mit, il écrivit
(c) gidan -u: il fut, il eut, il sut, il vécut
(d) gidan -in: il vint, il tint, da danginsu kamar devenir da obtenir

Da yawa daga cikinsu ana iya gano su ta participe passé, wanda ɗalibi ya riga ya sani: pris ya ba da prit, su ya ba da sut, vécu ya ba da vécut. Waɗanda suka kauce, irin su vu da vit, né da naquit, mort da mourut, été da fut, su ne suka cancanci hadda. Wasunsu gado ne daga Latin: fut daga fuit, fit daga fecit, vit daga vidit.

4.0 Abin da Hausa ke Bayarwa

A Hausa aikatau ba ya sauya siffa domin nuna shuɗaɗɗen lokaci, lamirin da ke gabansa ne ke sauyawa. Amma Hausa ma ta raba shuɗaɗɗen lokaci biyu: na I (mun, kun, sun, an) da na II (muka, kuka, suka, aka, ko munka, sunka, anka a karin harshen yamma). Na II shi ke jera aukuwar abubuwa a labari. Misali:

Ils sont venus. Sun zo.
Les chasseurs vinrent, virent le chef et lui dirent la vérité. Maharba suka zo, suka ga maigari, suka faɗa masa gaskiya.

Ke nan ɗalibi Bahaushe ya san aikin wannan lokaci tun yana sauraron tatsuniya. Sai dai a lura, daidaiton ba cikakke ba ne. Lokaci na II yana raye a zancen yau da kullum, yana kuma zuwa a tambaya, kamar "Wa suka gani?", inda Faransancin baka zai yi amfani da passé composé. Haka nan Albert Camus ya rubuta L'Étranger, wanda aka wallafa a 1942, da passé composé, amma mai fassara shi ba zai guje wa "suka" ba.

5.0 Kammalawa

Jadawali yana da amfani a matsayin madogara ga mai rubutu, amma bai dace ya zama mafarin darasi ba. Abin da ya fi shi ne a fara da nassi, a tsamo siffofin mutum na uku, a mayar da kowace ga tushenta da gidanta, sannan a fassara ta da lokaci na II. Bayan haka sai a gabatar da je, a bar nous da vous zuwa ƙarshe.