Kiɗa a matsayin magani ga tsofaffin sojoji: sharhi a kan wani bincike na 2008

A shekarar 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da firgicin bayan tashin hankali cikin kundinta na cututtuka, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Cikin hanyoyin magani da aka gwada akwai kiɗan ganga a ƙungiya. Binciken da za mu duba shi ne wanda Bensimon da Amir da Wolf suka buga a 2008 bisa sojojin Isra'ila masu wannan ciwo.

Marubutan sun lura cewa sojojin sun daɗa sakin jiki da juna, sun sami kafar fitar da fushi, sun kuma iya tunkarar abin da suka gani ba tare da razana ba. Aikin yana da daraja domin ya saurari marasa lafiyar da bakinsu. Amma muna da ja a wuri uku.

Na farko, mutanen ba su kai goma ba, kuma babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi. Ba a iya rarrabe aikin ganga da aikin zama tare da waɗanda suka sha wuya iri ɗaya.

Na biyu, kalmar da Faransanci ke kira rythme tana ɗauke da abubuwa da yawa, kamar yadda Benveniste ya nuna tun 1951. Masu kafa hujja da binciken sukan ɗauke ta a matsayin bugu mai maimaituwa da ke aiki kai tsaye a kan jijiya. Wannan shi ne ra'ayin Neher na farkon shekarun 1960, wanda Rouget ya rushe a littafinsa na 1980 kan kiɗa da hawan iska. Aikin Erlmann na 1982 bisa bori a yankin Maraɗi ya bi layin Rouget: kowane iska da takensa, kuma take yana kama wanda ya san shi. Haka kalangu, da ke bin hawa da saukar muryar Hausa, magana yake yi ga Bahaushe, ga baƙo kuwa amo ne kurum.

Na uku, ana faɗaɗa sakamakon zuwa ga ƴan kwana-kwana da masu ɗaukar raunanan, alhali halinsu ya bambanta: gobe ma za su koma bakin gobara ko haɗari.

Saboda haka, idan za a gwada hanyar ga sojojinmu da suka yi aiki a Diffa tun 2015, a fara da tambayar wane kiɗa ne ke da ma'ana gare su, wane ne kuma wasu za su ƙi don addini. Kiɗan ya zama mataimaki ga likita, kada ya maye gurbinsa.