Yadda Ake Tantance Sabon Jinsin Ƙwaro Mai Dogon Baki

Ƙwari masu dogon baki, irin wanda ke huda masara da dawa a rumbu, suna cikin dangi mafi yawa a duniyar dabbobi. Masana na kiran babban danginsu Curculionidae, kuma jinsunan da aka riga aka raɗa wa suna a cikinsa sun haura 50,000. Waɗanda ba a kai gare su ba ana kyautata zaton sun ninka haka. Raɗa musu suna yana bin tsarin da ya faro daga littafin Carl Linnaeus na 1758, inda kowane jinsi ke samun suna mai kalma biyu cikin Latin, ta farko ta gidan da ya fito, ta biyu tasa shi kaɗai.

Aikin yana farawa da kallon jiki a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin da ake kira dogon baki a gaskiya gaban kai ne ya miƙe, ƙananan muƙamuƙan cizo kuwa suna can a tsininsa. Mai nazari zai auna tsawonsa da lanƙwasarsa, ya duba inda ƙahonnin ji suka tsiro a kansa, da kwarmin da suke kwanciya a ciki idan ƙwaron ya naɗe su, ya ƙirga gaɓoɓinsu ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai ƙananan ramukan da ke bayan wuya, ko zagayayyu ne ko masu tsawo, sai layukan da ke kan fukafukan sama masu tauri, sai cinya, ko tana da haƙori ko babu.

Sau da yawa duk wannan ba ya raba gardama, kuma a nan ne sana'ar ta fi buƙatar haƙuri. Misali mafi kusa yana cikin rumbun manomi. Ƙwaron shinkafa, Sitophilus oryzae, wanda Linnaeus ya bayyana a 1763, da ƙwaron masara, Sitophilus zeamais, wanda Motschulsky ya bayyana a 1855, sun yi kama kamar an tsaga kara: launi ɗaya, da ɗigo huɗu masu ja-ja a fukafukai. An daɗe ana ɗaukar su jinsi ɗaya mai babba da ƙarami, har Guillermo Kuschel ya warware lamarin a 1961. Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin al'aurar namiji: ta ƙwaron masara tana da kwarmi biyu a tsaye a bayanta, ta ƙwaron shinkafa kuwa sumul take. Shi ya sa fiɗa ta zama ginshiƙin aikin. Ana jiƙa cikin ƙwaron a ruwan sinadarin potas mai kaifi har naman ya narke, a zaro gaɓar da ba ta kai ƙwayar gero ba da tsinin allura, a zana ta ko a ɗauki hotonta, sannan a adana ta tare da ƙwaron da aka cire ta daga jikinsa.

Ganin bambanci bai isa a ce an sami sabon jinsi ba. Sai an koma kan duk abin da aka taɓa rubutawa game da gidan, an gwada da tsofaffin samfura da ke ajiye a Landan ko Faris ko wani gidan adana halittu. Wanda ya yi sakaci a nan zai sake raɗa wa mai suna suna, kuma ƙa'ida ta ba sunan farko rinjaye. Dokar sunayen dabbobi ta duniya, a bugunta da ya fara aiki a 2000, ta wajabta a ware samfurin da sunan zai rataya a kansa a fili. Galibi ƙwaro ɗaya ake zaɓa, a manna masa jar takarda, a rubuta wurin da aka kama shi da ranar da sunan wanda ya kama. Duk wanda ya yi shakka bayan shekara ɗari, kan wannan ƙwaron zai koma.

Babban ƙorafi a kan wannan al'ada shi ne jinkiri, domin dazuzzuka na ƙarewa kafin a san abin da ke cikinsu. Alexander Riedel na gidan adana halittu na Karlsruhe a Jamus da abokan aikinsa sun gwada wata hanya da gidan Trigonopterus, ƙananan ƙwari marasa tashi da ke zaune a dazukan Indonesiya da Sabuwar Gini. A 2013 sun bayyana jinsi 101 a maƙala guda, a 2019 kuma 103 daga tsibirin Sulawesi. Sun fara rarrabe ƙwarin da gwajin DNA, suka taƙaita bayanin kowane jinsi, suka dogara da hotuna masu kyau. Hanyar ta yi amfani ƙwarai, amma abin lura shi ne ba su yar da fiɗa ba: kowane jinsi ya zo da hoton jikinsa da na al'aurar namijinsa. Hakan ya dace, domin malamin gona da aka kawo wa ƙwaro cikin kwalba madubi yake da shi, ba kayan gwajin DNA ba, kuma da siffar da ido ke iya gani zai gane abin da ke cin amfanin gonar.