Masana Tattalin Arziki da 'Yan Ƙwadago a Zamanin Waya

Haɗin gwiwar malaman jami'a masu ra'ayin sauyi da 'yan ƙwadago a Najeriya ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1985, da Janar Babangida ya buɗe muhawara kan karɓar bashin IMF, irin su Eskor Toyo na Kalaba da Bade Onimode na Ibadan ne suka riƙa ba ƙungiyoyi hujjar da za su tsaya a kai. A Zariya kuwa Yusufu Bala Usman, wanda asalin fanninsa tarihi ne, ya rubuta littafi guda kan batun a 1986. Kayan aikin lokacin lacca ce da 'yar ƙasida da ake bugawa a raba hannu da hannu. Saƙon yana jinkiri, amma in ya iso reshen ƙungiya akan zauna a karanta shi, a yi gardama a kansa.

Watan Janairun 2012 ne ya nuna abin da tattaunawar intanet za ta iya. Gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, amma tun kafin nan masu ilimin lissafin kuɗin gwamnati sun cika Twitter da Facebook da tambaya ɗaya: ta yaya tallafin da aka ware wa naira biliyan 245 a kasafin 2011 ya lashe ninkin-ba-ninkin haka? Wannan tambaya ta juya akalar zancen daga tsadar mai zuwa satar da ke cikin tallafin, kuma daga baya kwamitin majalisar wakilai ya gano an kashe sama da tiriliyan biyu.

A ganina nan ne amfanin masanin yake: ya ba shugaban ƙungiya lissafin da zai shiga da shi teburin sulhu. Mu ɗauki rigimar mafi ƙarancin albashi ta 2024. Ƙwadago ta fara da neman naira 615,000, gwamnati ta ce 48,000, aka ƙare a 70,000. A ido an ninka albashin 2019 fiye da sau biyu. To amma 30,000 ɗin 2019, lokacin da dala take wajen naira 360, ta kai dala 80 da 'yan kai. Ita kuwa 70,000, da dala ta haura 1,500, ko dala 50 ba ta cika ba. Sakataren reshe da ke riƙe da wannan lissafi ba a yi masa daɗin baki da yawan sifili. Masani zai iya rubuta masa shi cikin layi biyar, ya isa wayoyin dubban mambobi kafin la'asar.

Sai dai al'adar haɗin gwiwar ta yi asarar wani abu a hanya. Hirar murya a X, wato tsohon Twitter, takan ɗauki awa uku, ƙwararru suna ta kai-komo da Turancin boko, washegari kuma wani batu ya danne ta. Ba a adana komai, ba wanda aka ɗora wa alhakin mayar da zancen takardar matsaya. Ga kuma wasu masanan da burinsu tara mabiya, sai su fi son zafin magana a kan ingancin adadi.

Babban giɓin shi ne harshe. Leburan kamfani a Sharaɗa ko malamar firamare a Gusau saƙon murya na WhatsApp suke saurare, da Hausa. Tashin farashi kuwa a mudun shinkafa da kuɗin Adaidaita suke auna shi, kuma har yanzu 'yan kaɗan ne daga cikin masananmu ke ɗaukar wahalar fassara ƙididdigarsu zuwa waɗannan ma'aunai.