Abin da Ya Fi Ƙiftawar Ido Sauri: Nazari kan Hotunan Fashewa

Kullum abubuwa na fashewa a gabanmu. Ƙwayar masara ta tsage a tukunyar mai gugguru, balan-balan ya fashe a hannun yaro, ƙwai ya suɓuce ya faɗi, ɗigon ruwan sama ya bugi kududdufi ya tarwatse. Amma duk wanda aka tambaya yadda abin ya auku, abu biyu kawai zai iya bayyanawa: kamannin abin kafin ya fashe, da ɓarnar da ta rage daga baya. Fashewar kanta ta fi ƙarfin ido. Hoto 24 kacal ake jerawa cikin daƙiƙa ɗaya a majigi, ido ya ɗauke su motsi guda mai gudana, alhali robar balan-balan kan yage ta tattare kafin ko ɗaya daga cikinsu ya gama wucewa. Wannan ɗan lokaci shi ne filin aikin wani reshe na ɗaukar hoto da ya haura shekara 170, wanda masana kimiyya suka fara, masu fasaha suka gada.

Dabarar ta samo asali ne a Ingila. A 1851, William Henry Fox Talbot ya manna shafin jaridar The Times a jikin wani faifai mai juyawa da gudu a cikin ɗaki mai duhu, ya haska shi da tartsatsin lantarki sau ɗaya, sannan ya ba da rahoton cewa haruffan sun fito a hoton har ana karantawa. Abin da ya gano shi ne ginshiƙin sana'ar har gobe: gajartar haske ce ke tsayar da motsi. Idan wuri ya yi duhu, ana iya barin idon kyamara a buɗe, domin ba abin da zai shiga sai abin da walƙiyar ta haska a ɗan lokacin da ta rayu. A 1887, Ernst Mach da Peter Salcher suka fitar da hotunan harsashi yana tafiya, har da igiyar iskar da yake turawa a gabansa.

Daga cikin magabatan nan, labarin Arthur Worthington ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Wannan masanin kimiyya ɗan Ingila ya shafe kusan shekara 20 yana sakin ɗigon madara da na zaiba a kan gilashi cikin duhu, yana haska su da tartsatsi, yana zana abin da ya gani da hannu. Zane-zanensa sun fito tsaf, kowane ɗigo ya baje da rassa daidai wa daida ta kowane gefe. A 1894 ya samu damar ɗaukar abin a hoto, sai ga rassan sun fito wani dogo wani gajere, wani a karkace, babu biyu masu kama ɗaya. Worthington bai yi niyyar ƙarya ba. Zuciyarsa ce take cike giɓin da ido ya bari, tana zaɓar mai kyau tana watsar da mai tawaya a matsayin kuskure. Ya yarda da hukuncin kyamara, littafinsa na 1908 kan fantsamar ɗigo kuma da hotuna ya gina shi. Tun daga nan wannan fanni ya ɗauki alkawari guda: nuna abu yadda ya fashe, ko da ya saɓa wa yadda rai ya so.

Wanda ya fitar da fannin daga ɗakin gwaji zuwa idon duniya shi ne Harold Edgerton, injiniyan lantarki a jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya rayu daga 1903 zuwa 1990. Da farko injuna masu juyawa yake nazari, ya ƙera fitila mai walƙiya a kai a kai don ya ga sassansu kamar a tsaye. Daga nan ya juya fitilar ga kayan gida: ruwan famfo, kofi yana faɗuwa, ƙwan lantarki yana fashewa, ɗigon madara. Hotonsa mafi shahara, na 1957, ɗigon madara ne da ya faɗa kan jan faranti ya tashi da siffar kambi mai ƙananan ƙwallaye a kowane tsini. Na 1964 kuwa harsashi ne ya ratsa tuffa, naman tuffar yana feshi ta mashiga da mafita a lokaci guda, ita kuma tana nan zaune ba ta riga ta rushe ba. Irin wannan hoto na buƙatar walƙiyar da ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Edgerton ya sha nanata cewa gaskiyar abu yake nema, bai ɗauki kansa mai fasaha ba. Duk da haka ya yi shekaru fiye da 20 yana maimaita ɗigon madara don neman kambin da tsinayensa suka daidaita. Ashe ƙishin daidaito da ya ruɗi Worthington bai mutu ba, ya dai koma zaɓen hoto ɗaya daga cikin masu yawa. Ja-in-ja tsakanin gaskiya da kyau ya zauna a zuciyar fannin ke nan.

A yau kayan aikin sun yi araha. Mai sha'awa na buƙatar ɗaki mai duhu, kyamara a kan ƙafafunta, fitilar walƙiya da aka rage wa ƙarfi, domin raguwar ƙarfin kan gajarta haskenta, da wata 'yar na'ura mai kunna fitilar da zarar ta ji ƙara. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka matsar da makirufon na'urar baya da santimita 34 na jinkirta walƙiyar da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Da wannan ɗan lissafi mai hoto ke zaɓar ko farkon tsagewa yake so ko tsakiyarta. Abin da ake samu yakan koyar da mutum. Balan-balan da aka cika da ruwa, in an soke shi, robar ce ke gudu ta bar ruwan tsaye a iska da siffar da yake da ita, kafin nauyi ya ja shi ƙasa. Ƙwayar gugguru kuwa ɗan ruwan da ke cikinta ne ke zama tururi, ɓawon ya riƙe shi har zafi ya kai wajen digiri 180, sannan ya tsage, farin cikin ya kumburo waje ya tunkuɗa ƙwayar sama. Wayoyin hannu da yawa na ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, shirye-shirye irin su The Slow Mo Guys a YouTube kuma sun mai da kallon fashewa a hankali nishaɗin miliyoyin mutane.

Arahar ta zo da nata ciwon. Yawancin hotunan da ke yawo yanzu maimaici ne: balan-balan mai launi, garin fenti, 'ya'yan itace a ruwa, kambin madara na dubu. Mai kallo ya yi mamaki sau ɗaya, na biyu ya wuce. Gwanintar kama lokaci ta zama ita ce dukan saƙon, alhali na'ura ce ke kama shi. Masu fasahar da aikinsu ya tsaya su ne waɗanda suka tambayi kansu me ke fashewa, kuma me aka rasa.

Martin Klimas, Bajamushe, yakan saki mutum-mutumin tangaran daga tsayin kimanin mita 3, ƙarar faɗuwar ta kunna kyamara. Wasu daga cikinsu siffar 'yan wasan kunfu ce, sai ga shi lokacin da suke tarwatsewa ne kaɗai suka yi kama da masu faɗa da gaske. Naoya Hatakeyama na Japan ya fara a 1995 ɗaukar fasa duwatsun farar ƙasa da nakiya a ma'adinai. Yakan girke kyamara kusa da wurin bisa shawarar masu fasa dutsen, waɗanda suka san inda ɓaraguzan za su nufa, ya latsa daga nesa. Duwatsun da ke shawagi a hotunansa su ne ake niƙawa a yi siminti, don haka yana nuna wa mazauna birni dutsen da aka rusa kafin a gina musu gida. Ori Gersht, haifaffen Tel Aviv mazaunin Landan, ya jera furanni a 2007 kamar yadda mai zanen Faransa Henri Fantin-Latour ke jera su, ya daskarar da su, ya ɓoye nakiya a ciki ya tayar. Furannin sun watse kamar gilashi. Ya yi hakan ne don ya gwama kyau da tashin hankali a hoto ɗaya, ya hana mai kallo jin daɗin ɗaya ba tare da tuna ɗayan ba.

Nan ne tambaya mafi nauyi ta taso. Hoto ba ya ɗaukar ƙara, ba ya ɗaukar zafi ko ƙauri. Yana cire duk abin da ke sa mutum gudu, ya bar siffa kawai. Kamfanin da Edgerton ya kafa da abokansa biyu, EG&G, ya ƙera wa gwamnatin Amurka kyamarar da ta ɗauki gwaje-gwajen makamin nukiliya a hamadar Nevada a farkon shekarun 1950. A hotunan, ƙwallon wutar na tsaye a saman hasumiya, fatarsa da ɗigo-ɗigo, wasu tsinaye na sauka ta igiyoyin ƙarfen da suka riƙe hasumiyar yayin da suke ƙonewa. Hotunan na da ban sha'awa, kuma wannan sha'awar ita ce abin tsoro, domin irin makamin ne ya hallaka Hiroshima da Nagasaki a 1945. Hannun da ya ɗauki ɗigon madara shi ya buɗe hanyar ɗaukar wannan, dabarar kuma ba ta bambanta su.

Mai karatu a ƙasar Hausa ya san fuskokin nan biyu. Ya san harshen wuta da farin hayaƙin da ke fita daga bindigogin gargajiya a hawan sallah, abin da masu hoto ke rububin kamawa kowace shekara, kuma abin murna ne. Ya kuma san bama-baman da suka tashi a Kano ranar 20 ga Janairun 2012, da tankar man da ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda wayoyi suka yi ta yaɗa hoton wutar tun iyalai ba su san halin da 'yan'uwansu ke ciki ba. Wanda ya rasa ɗa a irin wannan rana ba zai kalli ƙwallon wuta a matsayin ado ba, kuma yana da gaskiya.

Wannan bai rage darajar fannin ba, ya dai nuna ma'aunin da za a auna shi da shi. Hoton fashewa ya cika idan ya nuna wani abu na gaskiya da ido bai iya gani, ya bar tawayar da ke cikinsa ba tare da gyara ba, kuma bai ɓoye abin da aka yi hasara ba. Balan-balan da gugguru hasararsu kaɗan ce, mai hoto na da 'yancin wasa da su yadda ya so, yara kuma za su koyi kimiyya mai yawa daga ciki. Amma gwargwadon girman abin da ya fashe, gwargwadon nauyin da ke wuyan wanda ya riƙe kyamara. In rai ya salwanta a wurin, haƙƙin mamaci da na iyalinsa ke gaba da kyan hoto, kuma wajibi ne mai hoto ya san haka tun kafin ya ɗaga kyamara.