Na Ga Kaina a Yatsan Aza

A shekarar 2017 John Green, marubuci ɗan Amurka, ya fitar da Turtles All the Way Down, labarin Aza Holmes, 'yar shekara 16 mai fama da cutar da likitoci ke kira OCD: tunani ɗaya ya maƙale a kai, ya tilasta wa mutum maimaita abu har ya galabaita. Shi kansa marubucin ya sha faɗa cewa da cutar ya taso.

A zahiri labarin neman wani attajiri ne da ya ɓace, aka sa ladan dala 100,000. Wannan ɓangaren bai da armashi, kamar an liƙa shi ne don a ja hankalin matasa. Ƙarfin littafin yana kan yatsan Aza, wanda take fama wa ciwo kullum, ta matse, ta wanke, ta sake ɗaurewa, don tsoron ƙwayar cuta. Ta san tsoron ba shi da tushe, amma sanin bai hana ta ba, har ta kai ga shan man tsabtace hannu.

Da na iso nan sai na ajiye littafin. Ina 'yar shekara 15 nakan wanke hannu har fata ta tsage, gida kuwa aka rabu biyu: masu cewa iskoki ne da masu cewa iya shege ne. Ban taɓa jin an ba abin suna ba.

Abu biyu Green ya yi daidai. Bai bar soyayyar Davis ta warkar da Aza ba. Ciwon ne ma ya shiga tsakaninsu. Bai kuma mayar da ita waliyyiya ba: aminiyarta Daisy ta nuna mata yadda zama da ita ke gajiyarwa, kuma tana da gaskiya.

Sai dai Aza tana da likita, da magani, da uwar da ba ta jin kunyar kai ta asibiti. A wannan gaɓar muka rabu da ita. A yawancin littattafan soyayya da na karanta da Hausa, mai taɓin hankali ko dai sammu aka yi masa, ko alhaki ne ya kama shi. Yarinyar da ke wanke hannu a bayan ɗaki tana kuka har yanzu tana jiran wanda zai rubuta ta da harshenta.